Maƙi-Nama na Maamobi da Tarkacen Kakarsa

Maƙi-nama mai zane wani nau'in saurayi ne, jefi-jefi budurwa, da ake samu a zangunan Accra, musamman Maamobi da maƙwabciyarta Nima. Alamominsa biyu ne. Ba ya cin nama, ko kifi, ko ƙwai, ko nono, ko zuma, ko wani abu da ya taɓa raɓar jikin dabba. Sannan ɗakinsa cike yake da kayan da tsofaffin gidansu suka yi shekara da shekaru suna neman wanda zai raba su da su. A wurinsa aƙida ɗaya ce mai rassa biyu. A wurin mutanen gida kuwa, lalura biyu ce ta haɗu wa yaro ɗaya.

Zango ba baƙon masu zane ba ne. Nima ta fitar da Moh Awudu, wanda zanen bango ya kai shi ƙasashen waje, akwai kuma ƙungiyar Nima Muhinmanchi Art da ke koya wa yaran unguwa riƙe buroshi. Tun da aka fara bikin zane-zane na Chale Wote a Jamestown a 2011, iyaye suka rage ɗaukar fenti a matsayin sana'ar masu rubuta sunan shago kawai. Waɗannan ma'aikata ne, ba da su ake ba. Wanda ake magana a kansa ƙaninsu ne na nesa. Shi ne ya ji labarin Ibrahim Mahama na Tamale ya harhaɗa tsofaffin buhunan koko da na gawayi ya lulluɓe bango da su a baje kolin Venice a 2015. Ya ji El Anatsui yana saƙa manyan zannuwa da murafun kwalba. Ya ji Serge Attukwei Clottey yana yayyanka rawayen jarkokin nan da ake kira galan ɗin Kufuor, Turawa suna layin kallo. Darasin da ya ɗauka daga duk wannan shi ne arziki yana cikin bola. Ɓangaren wahalar ɗinki da shekarun karatu bai shiga kunnensa ba.

Ƙin naman kuwa daga Ingila ya taso, inda Donald Watson da abokansa suka kafa ƙungiyar masu wannan aƙida a 1944. Ta iso Maamobi a makare, ta kan Instagram, da kuma ta bakin baƙin da suka cika Accra a 2019, shekarar da gwamnatin Ghana ta gayyaci baƙar fatar Amurka da sauran ƙasashe su zo ganin gida.

Mazaunin maƙi-nama ɗaki ɗaya ne a gidan haya ko gidan gado, irin mai tsakar gida ɗaya da maƙwabta ashirin. Idan haya ce, mai gida ya riga ya karɓe kuɗin shekara biyu gaba ɗaya, duk da cewa dokar haya ta 1963 wata shida ta ce, don haka ba a bar wa yaron kuɗin sayen kujera ba. Wannan rashin kujera shi yake kira sauƙin rayuwa. Baƙo zai zauna a kan akwatin ƙarfe, irin wanda ɗalibai ke tafiya da shi makarantar kwana. Gefe ga keken ɗinki Singer wanda rabonsa da zare tun zamanin mulkin Acheampong, an ɗora masa tukunyar fure. Ga dutsen guga na gawayi mai ɗan zakara a ka. Ga fitilar ƙwai, ga rediyon da ba ya magana, ga agogon bango da ya tsaya a ƙarfe huɗu da minti goma, an kuma hana kowa gyara shi.

Amma sarkin kayan duka shi ne kwanon samira, shi da danginsa, fanteka da faranti mai zanen fure. A zamanin kakanni waɗannan su ne mutuncin amarya. Uwa takan fara tara su tun 'yarta tana goye, ranar jere a dinga ɗora su ɗaya kan ɗaya har su kusa taɓo rufi, mata su shigo suna ƙirgawa da ido suna cewa barka. Ba a cin abinci a cikinsu. Dukiya ce, asusun mace ne, ranar da ta ɓaci a zari biyu a kai kasuwa. Daga baya roba ta zo, kulolin abinci suka zo, tangaran na Sin da Dubai ya cika kabet, samira ta faɗo daga sama zuwa ƙasan murhu, daga nan ta koma kwanon ruwan kaji. A can maƙi-nama ke tsinto ta. Ba ya son mai lafiya. Wadda ta fi ɓarewa, baƙin ƙarfe ya leƙo ta gefe, ita ce ta fi daraja, don a cewarsa kowane tabo labari ne. Kakar ta san labarin sarai: ubansa ne ya yar da kwanon yana yaro, har ya sha duka a kai.

Wannan sha'awa ta taɓa tattalin arzikin unguwa. Da can masu tura baro suna kiran kondem su kaɗai ke sayen tsohon ƙarfe, a kan kilo, ba ruwansu da labari. Yanzu sun sami abokin takara, wasunsu ma sun koyi ware duk abin da ke da fure a jiki su ajiye wa "mai hoto". Tsofaffi kuma, da suka ga haukan ba mai wucewa ba ne, sai suka shiga ciniki. Ghana ta cire sifiri huɗu daga kuɗinta a 2007, amma hajiyoyin zango ba su sa hannu a wannan yarjejeniya ba, har yau da tsohon lissafi suke magana. Jika zai tambayi kuɗin faranti, kaka ta ce, "Kai ɗan nan, don kai ne, kawo miliyan biyu." Sidi 200 ke nan. Yakan biya, ya kuma sanar da mabiyansa cewa ya mallaki farantin miliyan biyu, ba tare da ya yi ƙarya ba. Ana raɗe-raɗin cewa wasu gidajen sun fara sayen sabuwar samira a kasuwar Nima ranar Laraba, a ba yara su yi ƙwallo da ita mako guda, ta fito da tarihinta cif.

Babbar matsalar adon ita ce a Maamobi ba a yarda abu ya zauna ba aikin yi ba. Gidan da ake aron gishiri da tsintsiya ba zai ga faranti goma sha biyu rataye a bango ya kawar da kai ba. Ranar suna, tun asuba za a ƙwanƙwasa ƙofa: "Yaya, in ji Umma a ba da farantan nan za a raba masa." Kafin ya gama bayanin cewa aikin fasaha ne, an sauke su. Da yamma a dawo da bakwai, da maiƙon nama a jiki. Idan aka ɗauke wuta, kuma wanda ya ga dumsor, wato yawan ɗauke wutar 2015, ba ya mantawa, fitilar ƙwai takan bar baje koli ta tafi ɗakin mai jego. Dutsen guga yana wurin tela duk daren Sallah. Agogon kaɗai ke tsira, shi ma wani kawu ya taɓa kai shi gyara a ɓoye don a faranta wa yaron rai, aka yi kwana uku ba a ga dariyarsa ba.

Ta wajen abinci, abin mamaki, zango ya fi ko'ina sauƙi ga mai wannan aƙida, sai dai ba wanda ya taɓa sanar da zangon. Kokon gero da ƙosai da safe ba dabba a ciki. Haka masa, da pinkaso, da tubani, da ƙuli-ƙuli, da dakuwa, da zoɓo, da lamurje. Wake da gari da soyayyar ayaba, wanda ma'aikatan Accra ke rayuwa a kansa daga tsakiyar wata zuwa ƙarshensa, shi ma haka. Talakan Maamobi ya daɗe yana cika sharuɗɗan Donald Watson kwana biyar a mako ba tare da an ba shi kati ba. Bambancin kwanonsa da na maƙi-nama shi ne ɗaya yana ci da bismilla, ɗayan sai ya ɗauki hoto abincin ya huce.

Rikicin yana farawa a gaban mai waakye, wato shinkafa da wake. Layi ya yi tsawo, kowa yana jero buƙatarsa: ƙwai, ganda, kifi, taliya, nama biyu. Sai a zo kansa.

"Hajiya, a sa min ba nama, ba ƙwai, ba ganda."

"To, ɗana. Allah ya buɗa."

"A'a Hajiya, ba rashin kuɗi ba ne."

"Na sani, ɗana. Ba wanda ya ce."

Sai ta naɗe ganye, ta tura masa guntun ganda a ƙarƙashin shinkafa, sadaka, yadda ba za a kunyata shi a gaban jama'a ba. Ko ya tsira daga gandar, yajin shito yana jiransa, don busasshen kifi da jatan lande su ne ƙashin bayansa. Miyar tuwon zafi kuwa tun asuba ƙashi ke iyo a cikinta, kuma a fahimtar mai tuwo, idan ta tsame tsokar to miyar ta zama ba nama. Wagashi da burkina da fura da nono duk sun haramta gare shi, abin da ya sa 'yan uwansa na ɓangaren Fulani suka daina ɗaukar lamarin da wasa.

A gida akan bi matakai wajen gano ciwon. Da farko a ce babu ce ta kama shi yana jin nauyin faɗa, sai a riƙa aiko masa da romo. Daga nan a ce hawan jini ne likita ya hana shi. Idan aka ga gashi ya fara tsawo, a ce ya shiga Rasta. Mataki na ƙarshe shi ne a ce an yi masa sammu, ko wata aljana ce mai ƙyamar ƙarni ta aure shi, a karɓo rubutu. Rubutun yakan sha ba gardama, don tawadar allo gawayi ce da ƙaro, ba ta saɓa wa aƙidarsa ba. Uwa ta ga ya shanye, ta sa ran sauƙi, ta dafa kaza.

Inda masana zaman benci na unguwar suka fi jin daɗin lamarin shi ne wurin da rassan aƙidar biyu ke karo da juna. Kayan gidan Bahaushe na da, rabinsu fata ne. Buzun da kakansa ya yi shekara hamsin yana salla a kai fatar rago ce. Tintim ɗin jingina fata ne. Gafakar Alƙur'ani fata, kuben takobi fata, kalangun da ya rataye don ya yi kyau a hoto fatar akuya. Har fayafayan garmaho da yake alfahari da su, irin waɗanda mawaƙi E.T. Mensah ya yi wa kamfanin Decca a shekarun 1950, da ƙaron da wani ƙwaro ke fitarwa aka yi su. Kayan sana'arsa ma ba su bar shi ya huta ba: akwai baƙin fenti da ake yi da ƙonannen ƙashi, akwai ja da ake tatsa daga jikin ƙwari, akwai gam ɗin shafe ƙyallen zane da ake dafawa daga fatar zomo. Fatawar da ya ba kansa ita ce duk dabbar da ta riga shi zuwa duniya ta kuma riga shi barinta, ba ta cikin lissafi. Da wannan fatawa buzun ya zauna.

Wuri ɗaya ne shi da malamin unguwa suka taɓa yin ittifaƙi. Buroshin fentin mai na asali da gashin alade ake yin sa. Ranar da ya bayyana wa malam cewa shi na roba yake amfani da shi saboda wannan dalili, malam ya yi masa addu'a mai tsawo, ya kuma gaya wa uwarsa cewa yaron da sauran imani a tare da shi, a ci gaba da haƙuri.

Zanen kansa ba ya cin lokaci mai yawa a rayuwarsa. Akwai ƙyalle guda a jingine da aka fara tun bara, hoton wata tsohuwa da tire a ka, ana jira ilhama ta sauko a ƙarasa hannun hagu. Burinsa a rataye shi a Gallery 1957, wadda aka buɗe a otal ɗin Kempinski a 2016. Kafin nan, abin da ke kawo kuɗin koko shi ne rubuta sunayen shagunan aski da zana hoton tsire a jikin kes ɗin masu cicinga, kuma shaidar jama'a ita ce duk Maamobi ba mai zana tsoka ta yi maiƙo kamarsa.

Jarrabawar shekara ita ce Babbar Sallah. Tun saura mako shanu da raguna suke cika lungunan Nima da Maamobi, samari suna zagaye da bijimin gidansu ana kirari. Ranar layya hayaƙin babbaka yakan rufe unguwa daga bakin lambatu har babban titi. Ba inda zai gudu, kuma a matsayinsa na saurayi mai ƙarfi shi ake kira ya danne ƙafar sa. Bayan an gama, kowane gida da ya san uwarsa zai aiko masa da kasonsa, don ba a tsallake mutum a rabon layya saboda wani ra'ayi da ya samo a waya. Mayar da kason cin fuska ne, zubar da shi zunubi ne. Kwanon da ake zubo naman a ciki ma sau da yawa daga bangonsa aka sauke shi.

Saboda haka naman yakan tsaya a hannun ƙannensa. Su ne suke tare ɗan aike a ƙofa, su yi godiya a madadinsa, su kuma tabbatar wa duk mai shirin yi masa nasiha cewa Yaya yana kan gaskiya, a ƙyale shi. Duk faɗin zangon, aƙidar ƙin nama ba ta da magoya bayan da suka kai su riƙo, kuma kowace shekara su suke fi kowa ƙiba bayan Sallah.