Mutanen Layin Sikolashif

Duk majalisar da aka taɓo zancen tallafin karatu, hukuncin da ake yankewa ɗaya ne: an riga an raba, 'ya'yan manya sun kwashe. Hukunci ne mai daɗi domin yana wanke kowa. Amma wanda ya zuba ido ga masu neman sikolashif zai ga da yawansu ba su ma isa gaban masu tantancewa ba, balle a zalunce su. Tun a hanya suke kayar da kansu, kowa da salon faɗuwarsa.

Shugabansu shi ne Malam Sai-Da-Hanya. Bai taɓa cika fom ba, amma ya san duk wanda aka ɗauka, ya san kawun da ya tsaya masa. In ka ce masa PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur da aka kafa tun 1973, ya fara karɓar takardu, sai ya yi murmushin tausayi ya ce, "Yaro, kana da uwa a gindin murhu?" Mataimakinsa Sarkin Tura-Gaba ne, mai watsa kowace sanarwa a zaurukan WhatsApp da roƙon "a yaɗa saboda Allah", har da wadda aka rufe tun bara, har da ta 'yan damfara masu neman kuɗin rajista, alhali Chevening ta Birtaniya da tallafin gwamnatin Turkiyya ba sa karɓar ko kwabo wajen nema. Shi kansa bai taɓa buɗe ko ɗaya ba. Ladan turawar ya ishe shi. Waɗannan biyun su suka fi kowa ƙorafin an hana su abin da ba su nema ba.

Cikin masu nema kuwa akwai Mai Fafe Gora Ranar Tafiya. Chevening takan buɗe a watan Agusta ta ba da makonni, shi kuwa sai yammacin ranar rufewa zai faɗa kafe yana gumi, a lokacin ne zai gano ana son rubutattun bayanai huɗu da mutum biyu masu shaidarsa. In aka ɗauke wuta ko sabis ya ƙi, sai ya ce ba rabo. Akwai Mai Suna Uku: Muhammad a sakamakon WAEC, Mohammed a NIN, Muhammadu a takardar shaidar ƙaramar hukuma, ga ranar haihuwa iri biyu. A gida kowa ya san mutum ɗaya ne, amma kwamfuta ba 'yar unguwarsu ba ce. Akwai Ɗan Ko-Allah-Zai-Sa, wanda ba ya karanta sharaɗi. Ko rana ɗaya bai taɓa aiki ba, zai nemi Chevening mai buƙatar aikin shekara biyu. Ba malami ba ne, zai yi ta cigiyar TETFund, mai tura malaman manyan makarantun gwamnati ƙaro ilimi. Da gwamnatin Kano ta ware guraben karatun waje 1,001 a 2023 ga masu digiri mai daraja ta ɗaya, shi ma ya kai tasa mai daraja ta uku, ko za a dace. Maƙwabcinsa Mai Aron Takarda ya kwafe bayanin yayansa kalma da kalma, ya manta bai sauya sunan ƙasa ba, ya aika wa Ingila wasiƙar da ke yabon Turkiyya. Autansu ya ci bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 yana murnar "rabonmu na gwamnati", bai karanta inda aka ce biya zai fara shekara biyu bayan hidimar ƙasa ba.

Za a ce wannan dariya ce ga talaka, tunda son kai ba ƙage ba ne, kuma data da fasfo da jarrabawar Turanci duk kuɗi ne. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ya wajaba hukumomin tallafin karatu na jihohi su riƙa bayyana ma'aunin zaɓe da sunayen waɗanda suka ɗauka. Za a kuma ce ɗan ƙauye da ba wanda ya taɓa nuna masa fom bai cancanci zargi ba. Wannan ma haka ne, laifin na makarantun da ke yaye ɗalibi ba su koya masa rubuta shafi ɗaya a kan kansa ba. Sai dai duk wannan hujja ce ta ƙarin shiri, ba ta naɗe hannu ba. Ɗan mai hanya ana iya kawar da kai daga kuskurensa. Ɗan talaka ba shi da mai gyara masa sai kansa. Kuma duk cancantaccen da ya ƙi nema, ya sauƙaƙa wa mai son kai aikinsa, domin ba wanda zai ce an tsallake shi.

Akwai kuma nau'i na ƙarshe, wanda ba ya cikin majalisa. Ya daidaita sunansa tun da wuri, ya karanta sharaɗi, ya nemi abin da ya dace da shi, ya faɗi, ya sake nema. Ranar da sunansa ya fito, Malam Sai-Da-Hanya zai fara binciken wane ne kawunsa.