Ka Ce Kuɗi Ƙare Magana? Zo Mu Ƙarasa Ta

Tun ban buɗe baki ba ka taɓe naka. Ka ce ga wani mai hujajjen aljihu ya zo yi mana wa'azin wadatar zuci. Sannu, malam duba! To gyara zama, don yau ba wa'azi na kawo ba, rigima na kawo.

Ka ce kuɗi ƙare magana? Wa ya musa? Mutumin da mai gidan haya ke buga wa ƙofa tun asuba, ga takardar magani a hannu, ga yara an koro daga makaranta, duk wanda ya je masa da zancen wai kuɗi ba sa kawo farin ciki ya sha mari, ni kuwa zan ce ban gani ba. Masana ma suna bayanka. A 2010 Daniel Kahneman da Angus Deaton suka tace amsoshin dubban ɗaruruwan Amurkawa, suka ga walwalar yau da kullum tana ƙaruwa da ƙaruwar samu. Sai dai da an kai wajen dala 75,000 a shekara, sai ta ja birki.

Ka ce a fara ba ka dala 75,000 ɗin, birkin ya zo daga baya? Kai dai akwai kwaɗayi! Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Amma bari in ba ka sanda ka doke ni. A 2021 Matthew Killingsworth ya sake awo, ya ce shi bai ga wani birki ba, walwala tana ta hawa. Na ga har ka miƙe za ka yi rawa. Koma ka zauna. A 2023 shi da Kahneman suka haɗa kai suka warware gardamar: ga yawancin mutane tana ci gaba da hawa, amma ga kusan kashi ɗaya cikin biyar, waɗanda suka fi kowa ƙunci, tana tsayawa a wajen dala 100,000. Wanda aka yi wa rasuwa, ko gidansa ya zama filin daga, ƙarin albashi ba ya share masa hawaye.

Ga kuma inda gizo ke saƙa: hawan da ninki yake tafiya. A wannan lissafi, daɗin da mai samun dubu 100 zai ji in ya koma dubu 200, sai mai miliyan 10 ya kai miliyan 20 kafin ya ji irinsa. Wato farashin murmushi yana tashi da tashin arziki. Ka ce wannan ai hassada ce? Ni da alhaji ba mu taɓa ko sa-in-sa ba.

Sannan ga maƙwabci. Tun 1974 Richard Easterlin ya lura cewa a cikin ƙasa ɗaya masu hali sun fi talakawa jin daɗi, amma in ƙasar ta yi ta bunƙasa shekara da shekaru, farin cikin jama'arta ba ya bin sawu. Dalili? Ka sayi sabon babur kana ta goge shi, sai na kusa da kai ya shigo layi da mota. Babur bai canza ba, fuskarka ce ta canza. Kada ka rantse, za ka yi kaffara.

Ka ce to ai Finland, wadda ke zuwa ta ɗaya a rahoton farin ciki na duniya tun 2018, ba matalauciya ba ce? Gaskiyarka. Amma Amurka ta fi ta samu, ga ta a ta 24 a 2025, alhali Kosta Rika tana ta 6, Meziko ta 10. Masu rahoton ba aljihu kaɗai suke leƙawa ba, suna duba lafiya, da kyauta, da ko kana da wanda za ka kira ran da ta ɓaci.

Ka ce tunda na raina kuɗi in miƙo maka nawa? Yaushe na raina su? Cewa na yi naira ɗaya ta fi aiki a hannun wanda bai da ita. Lissafin ninki kuwa ya nuna dubu 10 ɗin da ba za ka ji fitarta ba, ita ce murnar wata guda a gidan mai gadinka. Ɗaya cikin 40 kawai zakka ta nema. Af, malam, ina kuma za ka? Ai yanzu hirar ta fara daɗi!