Kuɗin na nan, sabis ne babu

Kakannin Hausawan Mafaza, can bakin kogin Rahad a jihar Gadarif ta Sudan, da ƙafa suka taso daga ƙasar Hausa, da yawansu da niyyar Makka, ana tafe ana yada zango ana noma shekara da shekaru. Jikokinsu kuwa, saƙo ya yi minti biyu yana juyi a waya, sai ka ji ana salati.

Tarakta ta shiga gonakin Gadarif tun shekarun 1940, ta karɓe huɗar dawa, amma riɗi da yake ɗan gata ne har gobe yawanci da lauje ake yanka shi. Fasahar da ta birkita kasuwa kuwa ita ce Bankak, manhajar Bankin Khartoum. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 takardar kuɗi ta yi ɓatan dabo, kofin shayi ma da waya ake biyansa. Ka shanye, ka ɗaga waya sama kana neman sabis kamar mai duban watan Sallah.

"Inna mai shayi, wallahi na tura."

"Ɗan nan, ban ga komai ba. Zauna."

Haka za ka zauna jingina, har ka sake shan wani kofin, bashi ya ninka.

Da layukan waya suka ɗauke a Fabrairun 2024, attajiri da almajiri duk aljihu ɗaya. Mai amalanken jaki ne kaɗai bai fasa komai ba, sai ma ya ƙara kuɗin dako, kuma a hannu yake karɓa.