Lauyan da Ba Ya Karanta Takarda

Ina da wata cuta da ba ta dace da sana'ar da nake nema ba: ba na iya karanta takardar yarjejeniya muddin wanda ya miƙo mini ita yana tsaye a kaina. Kunya ce ke rufe ni. Gani nake in na tsaya bin ta layi-layi, tamkar na kira shi macuci ne a gaban idonsa. Sai in jujjuya shafukan, in gyaɗa kai irin na masana, in rattaba hannu. Ga shi kuwa shari'a da harkar kasuwanci nake karantawa.

A gida asirina a rufe yake, don abin da ɗalibi ke sa wa hannu bai wuce takardar halartar lacca ba. Shirin musayar ɗalibai ne ya kai ni Jamus na zango ɗaya, ƙasar da ko numfashi za ka yi sai an ba ka fom.

Ba jahilci ba ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Tun a jami'armu mun haddace shari'ar L'Estrange da Graucob ta 1934: wata mai shagon shayi a Wales ta sayi injin sayar da sigari, ta sa hannu ba ta duba ƙananan rubutun ba, injin ya ƙi aiki, kotun ɗaukaka ƙara ta ce sa hannunta ya ɗaure ta, ta karanta ko ba ta karanta ba. Har dariya na yi wa baiwar Allahn nan a aji.

Mai gidan da na kama haya dattijuwa ce. Ta zaunar da ni a kicin, ta zuba mini gahawa, ta yanko kek, sannan ta ajiye takardu biyu, ta ce in karanta a tsanake. Ina cin kek ɗin mace kuma in tsaya binciken takardarta? Ta farko ta haya ce, da kuɗin ajiya na wata uku, iyakar abin da sashe na 551 na kundin dokokinsu, BGB, ya halatta. Ta biyu kuwa ta shaidar cewa na karɓi ɗaki lafiya lau. Na sa hannu, alhali gwiwar hannuna tana kan wani tabon ƙuna a teburin, mai faɗin gindin tukunya. Na gan shi sarai. Ita ma na tabbata da na nuna da ta rubuta, don Bajamushe ba ya jin ciwon a duba masa takarda, wanda bai duba ba ma shi yake yi wa kallon wawa. Ranar tashi aka cire kuɗin tebur daga ajiyata, na kuma yi godiya.

Babbar ta'asar a gidan motsa jiki na yi ta. Sanyi ya hana ni fita, tumbi ya fara leƙowa, wani saurayi mai fara'a ya zaga da ni ya nuna mini injuna, ya miƙo allon kwamfuta. Da yatsa na sa hannu a kan wata 24, ni da zan bar ƙasar kafin bazara ta ƙare.

Daga nan karatu ya kama ni haiƙan, ban taɓa son BGB kamar a makon nan ba. Na gano damar janyewa cikin kwana 14, sai na tarar ta cinikin intanet ce da na bakin ƙofa, ba ta wanda ya kai kansa shago ba. Na ce to ƙaura fa? Ashe babbar kotun tarayya da ke Karlsruhe ta yanke tun 2016 cewa sauya gari ba hujjar tsinke irin wannan yarjejeniya ba ne. A jarrabawa tambaya ta fito a kan sharuɗɗan da kamfanoni ke tsarawa tun kafin abokin ciniki ya zo, na ci maki mai kyau. Malamin har ya yaba da zurfin bincikena.

Na so in ɗora wa tarbiyya laifi, in ce mu mutanen amana ne, baki ya ishe mu. Ƙarya nake. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Mahaifina ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, bai yi boko ba, amma ko takardar ƙaninsa ce sai yaron shago ya karanta masa ita, ya sake karantawa, mai takardar na zaune yana shan shayinsa, ba wanda ya taɓa yin fushi.

Da na faɗa masa batun gidan motsa jikin ta waya ya yi shiru, har na zaci layi ne ya yanke.

"Barista," in ji shi, "wata nawa ka ce?"

"Ashirin da huɗu, Baba."

"To ai sai ka riƙa zuwa kana ɗaga ƙarfen, kada kuɗin su tafi a banza."

Na dawo Kano, kowane farkon wata ana zarar kuɗin daga asusuna na can, tumbin ma yana nan ya ƙara auki. Akwai wasiƙar neman sassauci da na rubuta wa gidan motsa jikin, shafi biyu, da sassan doka a jere. Ban aika ba tukuna. Saurayin nan ya yi mini kirki ƙwarai, ba na so ya ga kamar ina zarginsa.