Ɓarawon Gidanmu Sunansa "Kada A Ce"

Duk farkon shekara sai mutuminmu ya sayi asusu, ya rantse ba zai fasa ba sai Babbar Sallah ta zo, rago ya shigo gida. Wani ma na ƙarfe yake sa mai walda ya ƙera masa. Kafin wata biyu za ka same shi da tsinken tsintsiya yana zaro ɗari biyar ta ramin, wai rance ne. Har yau ba a ji wanda ya biya asusunsa bashi ba.

Tsadar rayuwa ake ɗora wa laifi, kuma ba a yi mata ƙazafi ba: tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, albashi ba ya ganin tsakiyar wata. Amma shinkafa ba ta fasa asusu kamar yadda anko ke fasawa. Ƙawar ƙanwar maƙwabciya za ta aurar da 'ya, an fitar da atamfar kamu, da leshin dina, da wata ta yinin biki. Hajiya ko sunan amaryar ba ta sani ba, amma sai ta shiga Kantin Kwari, kada a ce ba ta da shi. Maigidan da ke mata wa'azin tattali kuwa, jiya shi ya biya wa 'yan majalisa shayi da ƙwai, don kawai mai shayi ya kira shi Alhaji.

Sai adashe. Kowa kwasar farko yake so: "Uwar adashe, don Allah a duba ni, lalura ce ta taso." Da ya kwasa, wayarsa sai ta daina samun sabis. Mai kwasar ƙarshe babu abin da ya rage masa sai tashin dare yana roƙa wa sauran 'yan zubi lafiya da tsawon rai.

Masu tanadin gaske akwai su, ɓoyewa kawai suke yi. Da Babban Bankin Najeriya ya sauya takardun naira 200, 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, sai ga Kawu, mai "wallahi ko sisi babu", a layin banki rungume da jakar Bakko, kuɗin har sun yi funfuna. Kafin ya dawo gida, dangi sun shimfiɗa tabarma a zaurensa, kowa da katin gayyata a hannu.