A Kai Mushe Garkar Albasa

Shawarata ita ce duk mushe, wato malamin da ke karantarwa a Jami'ar Jibo Hamani ta Tawa, ko da tattalin arziki ne fanninsa, a ɗauke shi sau ɗaya a shekara a sauke shi a Sabon Gida na wajen Madawa, ba direba mai jira, ba ɗalibin da zai riƙe masa jaka. Na san abin da zai faru, kuma shi nake so ya faru. Zai iso da kwat da takalmi mai ƙyalli, taku uku ya zurma cikin fangalin da aka gama yi wa ban-ruwa. Zai buɗe baki da faransanci, mai garka ya ce, "Sannu da zuwa, mushe, amma irina kake takawa." In ya farfaɗo, zai tambayi me ya sa ake zubar da albasa da arha lokacin girbi, ba a jira ta yi daraja ba. Sai a nuna masa rudu, rumbun ajiyar albasa, a ce ya sa hanci ya ji wadda ta fara ruɓewa, a lissafa masa bashin mai na injin ban-ruwa da na taki da ke jiran biya. Darasin da yake ja wata uku a kan allo, manomi ya ƙare shi kafin a ɗinke bakin buhu.

Za a ce girma ya faɗi. To, a ƙasar Adar girman ilimi da ƙura a ƙafa aka same shi. Layukan dogon yaro da suka tare iska a kwarin Majiya, wajen Buza, tun 1975 aka fara dasa su da taimakon ƙungiyar CARE. Aikin Keita, da Italiya da FAO suka soma a 1984, mata ne suka ɗauki yawancin duwatsunsa a ka, ana biyansu da abinci, har fako ya koma gona. Malamin da ya san waɗannan a takarda kawai kamar mai sayar da tukunya ne da bai taɓa hura wuta ba.

Hujjar da ta fi ba ni wahala daban ce: mutanen karkara sun gaji da baƙi. Kowace ƙungiya ta zo da takardar tambayoyi, kaji nawa, mata nawa, sai hoto, sai ƙurar mota. Ƙara musu furofesa zalunci ne, in da biro zai zo. Shi ya sa nake cewa a karɓe biron tun a bakin gari, a miƙa masa hauya. Mutumin da kunyarsa ta karkace har yara na dariya ba ya wa kowa lacca, tambaya yake yi, kuma tambayar mai jin kunya ce ake ba amsar gaskiya.

Saura masu kukan kuɗin mai, kuma nasu mai sauƙi ne. Zuwa dai a yi masa karo-karo. Dawowa kuwa, ga manyan motocin albasa da ke tashi daga Madawa zuwa ƙasashen gaɓar teku. A ɗora shi bisa buhuna, a roƙi direba ya sauke shi a mararrabar Tsarnawa ya nemi motar Tawa. In direba ya manta, to, mushe ya samu halartar taron ƙasa da ƙasa a Akara, jami'a ba ta kashe ko dala ba.