Ranar da Aka Ce Mai Ɗaukar 'Yan Ƙwallo Zai Zo Warra

A Amurka yarinya na iya yin digiri ubanta bai sayar da ko akuya ba, muddin ta ƙware a wani wasa da ake kira sofbol, inda ake jefo ƙwallo mai cika tafin hannu, a make ta da sanda, a zuba da gudu. Kociyoyin jami'o'i ke bin 'yan sakandare suna dubawa. Wadda ta burge su sai jami'a ta ɗauke mata kuɗin makaranta, duka ko wani kaso, ita kuma ta riƙa buga mata wasa. Wata doka ta 1972, wadda ta hana fifita maza a kan mata a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati, ita ta buɗe wa mata wannan ƙofa.

Mu a Warra sanda ta kiwo ce, namu burin a ƙafa yake. Da an ji ƙishin-ƙishin mai ɗaukar 'yan ƙwallo zai zo gwaji, kafin la'asar labari ya ratsa Ngaski, ya haura Yelwa, ya tsallaka tafkin Kainji zuwa ƙasar Borgu. A bakin wanda ya fara faɗa, baƙon daga Birnin Kebbi yake. Kafin zancen ya isa Shanga ya zama Bature daga Sifen. Ga irin mutanen da za ka taras a fili ranar.

Ɗan Sha Bakwai

Shekararsa goma sha bakwai, kuma ya riƙe ta amana tun ƙannensa na firamare. Yanzu ƙannen sun yi aure, shi yana nan inda yake. Tun da asuba ya kankare gemu, aljihunsa ɗauke da takardun rantsuwar shekaru har uku, kowacce da ranar haihuwarta. Komai na tafiya daidai sai wani yaro a bakin fili ya ƙwala ihu: "Baba, buga!" Ya juya wajen koci ya ce, "Ɗan yayana ne, kowa Baba yake ce wa." Abin da bai sani ba, tun gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da Najeriya ta karɓi baƙunci a 2009, FIFA ke sa a ɗauki hoton ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI don a ga ko ya gama haɗewa. Ƙashi kuwa bai iya karatun takardar kotu ba.

Sarkin Kaya

Shi ne farkon zuwa, don a samu lokacin kallonsa. Takalmin ƙwallo sabo fil, jesin Madrid, safa har gwiwa, bandeji a ƙafar da ba abin da ya same ta, ga aski da zane a gefe. Rabin sa'a yana motsa jiki a gaban 'yan kallo. Ana busa usur, minti goma ya kama ƙugu yana haki. Da an fitar da shi sai ya dubi ƙasa cikin takaici ya ce, "Koci, filin ne ba kyau. Ni ɗan ciyawa ne."

Na-Ci-Ni-Kaɗai

Wannan kam ya iya, ba ƙarya. Sai dai a ganinsa sauran goman an kawo su ne su taya shi murna. Zai yanke mutum biyar, ya dawo ya sake yanke na farkon don bai faɗi yadda yake so ba. Lamba tara na gaban raga yana ɗaga hannu har kafaɗa ta ƙage. 'Yan kallo na ta sowa, baƙo kuwa yana duban abin da ba sa dubawa: wa ke ba da ƙwallo a kan lokaci, wa ke komowa tsaro idan an ƙwace.

Da-Ba-Don-Gwiwa-Ba

Ba ya shiga fili, a bencin mai shayi yake gudanar da nasa gwajin. Shi ne wanda saura ƙiris ya tafi, gwiwa ta hana. Ƙungiyar da ta neme shi kullum ƙara girma take: bara Kano Pillars ce, bana ta zama Chelsea. Ya ce tare suka taso da Ahmed Musa, shi ne ma ya koya masa gudu. Ba ya dai faɗin yadda Ahmed Musan ya bi tsani hawa-hawa: makarantar ƙwallo a Jos, sai ƙungiyar JUTH, sai Kano Pillars inda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, sannan VVV-Venlo ta ƙasar Holan ta ɗauke shi. Idan ya gama labari, kai za ka biya kuɗin shayin.

Gola Mai Laya

Tun daren jiya ya lallaɓo ya binne ƙwai a bakin raga, ga ɗamara a ƙarƙashin jesi. An tabbatar masa ko iska ba za ta shiga ba. Ashe golan ɗaya ɓangaren ma wurin mutum ɗaya suka je, farashi ɗaya suka biya. Aka tashi uku da uku. Da ya koma ƙorafi sai aka ce masa, "Ai ka tsallaka igiyar akuya a hanya, shi ya karya aikin."

Ejan

Jaka a hammata, kati rataye a wuya, waya biyu, da hotonsa tare da wani Bature a filin jirgin sama. Ba ya kallon wasa, iyaye yake kallo. "Alhaji, yaron nan naka zinari ne, ina da mutane a Turkiyya." Daga nan sai kuɗin fom, kuɗin fasfo, kuɗin biza, da kuɗin gaida manya. Yaron kuwa shekararsa goma sha biyar, alhali dokar FIFA ta hana kai ɗan wasa wata ƙasa kafin ya cika 18, in ban da wasu 'yan dalilai ƙalilan. Uba ya sayar da buhunan albasa, ya haɗa da injin jirgin ruwansa. Bayan mako biyu, duk lokacin da ya kira, wata mata ce ke amsawa cikin ladabi cewa lambar a kashe take.

Baban Yaro

Shekaranjiya da bulala ya koro ɗansa daga wannan filin, yana cewa ƙwallo sana'ar marasa aikin yi ce. Yau ya zo da kujerarsa da babbar riga. "Yallaɓai, gado ne. Ni ma a zamanina ba a wuce ni." Tambayarsa ta farko: "Nawa ake ba su a wata, kuma a hannun wa ake danƙawa?" Da aka yi masa bayani cewa wannan tallafin karatu ne, makaranta za a biya wa yaro, babu albashi, sai ya yi shiru, ya gyara hula, ya ce, "Wato dai bokon ne ya zagayo ta bayan gida."

Ɗan Bakin Ruwa

Ya iso a makare, ƙafa ba takalmi, jikinsa na ƙarnin kifi, don daga jan taru yake. Ƙirjin da tuƙin kwalekwale ya gina, irin wanda ake gani a tseren jirage na bikin Rigata a Yawuri, ba ya sanin gajiya. Minti ashirin da shigarsa kowa ya san wanda ya fi kowa. Baƙo ya kira shi gefe yana murmushi: "Samari, ina sakamakonka na WAEC ko NECO?" Ya sunkuyar da kai. Tun aji biyu na ƙaramar sakandare ya bar makaranta ya koma kamun kifi. Baƙo ya rufe littafi, don tallafin karatu sai da takarda. Hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, sai ta tantance sakamakon sakandare kafin ɗalibi ya taka fili. Hakeem Olajuwon, wanda ya fara da tsaron raga a Legas kafin ya koma ƙwallon kwando, ta ƙofar Jami'ar Hustan ya shiga Amurka a 1980. Ko a nan gida, gasar jami'o'i ta NUGA da aka fara a Ibadan a 1966 ta ɗalibai ce zalla.

'Yar Bayan Katanga

Ita ce ta zo ta ɗaya a tseren makarantarsu shekara uku a jere, kuma tana da sakamakon da Ɗan Bakin Ruwa ya rasa. Ba wanda ya gayyace ta. Ta zo da farantin gyaɗa, ta sayar wa su Sarkin Kaya, ta koma gida.

To, samari, mai son tafiya ya haɗa abu uku: ƙafa, shekarun gaskiya, da takarda. Iyaye kuma ku sani, ƙungiyar gaske ita ke biyan ɗan wasa, ba ta karɓa a hannunsa. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi kafin ya ga wasan ɗanku, ku ba shi ruwa ya sha, kuɗin kuma ku kai makaranta a biya wa yaro jarrabawa.